Alƙalin da Mujitaba Ya Rufe wa Baki

Mujitaba manomin albasa ne a Kiru, amma ba da albasa aka san shi ba. Yana da ɗan shago kusa da tasha, talabijin biyu da benci uku, inda samari ke buga ƙwallon gem bayan la'asar. Shekara huɗu ba a samu wanda ya doke shi sau biyu a jere ba.

Sirrin kuwa, tun makon da ya sayo na'urar gem ɗin daga Kano ya shiga saiti ya sassauta alƙalin wasa har ƙarshe. A shagonsa sai ka kwashe ƙafar ɗan wasa a gaban raga, ba usur, ba fanareti. In wani ya yi ƙorafi sai ya ce haka gem ɗin ya zo. Sannu a hankali kowa ya koyi wasan ƙeta, sai dai shi ya riga su ƙwarewa.

Bara aka shirya gasa a Tudun Wada. Su huɗu suka tafi da sunan Kiru, har da amininsa Sadiq. Aka haɗa Mujitaba da wani tela daga Doguwa, Abdussalami, mutum mai sanyin magana. Minti goma da farawa babban yatsan Mujitaba ya danna abin da ya saba dannawa, alƙali ya busa fanareti. Kafin hutun rabin lokaci an ba telan fanareti biyu, an kori mai tsaron bayan Mujitaba da jan kati. Sauran ukun ma haka suka faɗi a zagayen farko.

Sadiq ya tashi da faɗa, wai na'urar nan ta lalace. Mai shirya gasar bai yi musu ba, ya buɗe saiti ya nuna masa alƙali yana tsakiya, yadda ake sayo shi, kuma ana iya matsar da shi. Sadiq ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo.

"Mujitaba, naka a ina yake?"

Mujitaba ya sunkuyar da kai. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A mota har Kiru ba wanda ya yi masa magana, shi kuma ya gwammace a zage shi da wannan shirun.

Washegari da samari suka taru, ya buɗe saitin a gabansu, ya faɗi abin da ya yi, ya mayar da alƙalin tsakiya, ya ce su yafe masa. Wasu suka yi dariya, biyu suka fita ba su sake dawowa ba. Sadiq ya yi wata guda kafin ya leƙo.

Yanzu ana cin Mujitaba kamar kowa. In abokin wasa ya nufo ragarsa yatsan nan yakan motsa, sai ya tsayar da shi. Wani lokaci yakan makara, a busa fanareti, ya jira bugun.