Nomau Kuku da Salatin Dankali

Ku da kuka san Yaya Nomau, kun san idan ya zauna bisa turmi ya matse akushi tsakanin gwiwoyinsa, to, magana ta ƙare. Gwaiduwar ƙwai biyu, ɗan gishiri, kwalbar man gyaɗa a hannun hagu tana ɗiga kaɗan-kaɗan, cokalin itace a dama yana juyawa gefe guda. An shiga kaɗa mayanas ke nan, farar miyar nan mai kauri ta Nasara. A lokacin ko sallama ka yi, sai dai ka amsa wa kanka. Wai surutu yana tsinka ta! Ni Illa tela, ƙanensa ne ciki ɗaya, amma na sha tsayuwa a bakin madafarsa har ƙafa ta yi tsami.

Shekaru ya yi yana kuku a gidan kumandan, nan barikin Maraɗi, kuma duk liyafar da za a yi, salatinsa ake jira. Dankalin turawa dafaffe, a yanka ƙanana, da karoti, da ɗanyen wake, da albasa, a matse lemun tsami, a juye da mayanas. Sannan ya kafa kwanon cikin jiƙaƙƙen rairayi ƙarƙashin randa, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle har ya yi sanyi ƙalau.

Wata rana na kai masa farar rigar aiki da na ɗinka, ana jiran baƙi daga Damagaram. Yana cikin kaɗi sai ga kumandan da kansa.

"Kuku!"

Yaya ya ci gaba da kaɗi.

"Kuku!"

Cokali dai na juyawa. A kira na uku fuskar Nasara ta yi jawur, ni kuwa na fara neman inda zan bi. Sai da Yaya ya gama, ya soka cokali a tsakiyar akushi, cokali ya tsaya cak, sannan ya miƙe ya cire hula.

"Ranka shi daɗe kumandan, yi haƙuri. Ni na san ka, amma ƙwai bai san ka ba."

Kumandan ya dube shi, ya dubi akushi, ya lakata da yatsa ya lasa. Wallahi har ya fita bai tuna abin da ya kawo shi ba!

Sayen kaya kuwa, sai mai haƙuri. Karoti ba ya saye sai a lambun Jiratawa, kuma ba ya aza shi bisa jaki, wai girgiza tana ɓata masa ɗanɗano. Sai ka gan shi ya taso da kwando a ka, gumi na zuba, jaki na bin shi a baya fayau kamar shi ne maigidan. Akwai kuma Auta, wata tsohuwa daga ƙauyen bayan Tibiri, mai kawo masa ƙwan zabi da damina. Kowane ƙwai sai ya ɗaga shi ga rana, ya kara a kunne, ya tsoma a ruwa. Ran nan ta gaji ta ce, "Kuku, in gaisawa kake so ku yi, bari in koma in zo maka da uwassu!"

Ya ce, "Zo da ita, ina da tambayoyi."

Amma babban labari shi ne ranar sunan ɗiyata ta fari. Yaya ya ce tun da shi ne babban uba, shi zai ciyar da mutane abin da manyan bariki ke ci. Na ce, "Yaya, tuwo da fura sun isa." Ya ce in ji da allurata. Tun da safe ya cika babban kwano, ya jera yankakken ƙwai a sama gwanin kyau, ya kafa ƙarƙashin randa, ya tafi wanka.

Sai Gwaggo Hure, ƙanwar mahaifinmu, ta zo ɗibar ruwa. Ta ɗaga ƙyalle, ta taɓa.

"Mi ne ne wanga?"

Mata suka ce salati ne.

"Ni salatin da na sani yin shi aka, ba cin shi ba! Kuma sanyi ƙarara? Baƙi tun daga Tibiri, a ba su abinci awa na kwana? Ba a gidan wana ba!"

Ta juye shi cikin tukunya, ta iza wuta, ta barbaɗa yaji, ta tuƙa da muciya. Yaya ya dawo ya iske mai yana yawo a sama, dankali ya zama fate. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya riƙe kai, sai cewa yake, "Gwaggo, kin kashe ni. Gwaggo, kin kashe ni."

Abin da ya fi ƙona masa rai, baƙi suka cinye tas har da suɗe kwano. Liman ya kira shi ya ce, "Nomau, ashe Nasara sun iya fate haka? Allah shi yi albarka!" Yaya ya ce amin da ƙyar. Wata guda yana gaida Gwaggo da kai kawai, ita kuwa duk inda ta zauna sai ta ce ita ta gyara wa kukun kumandan girki.

To, akwai abin da ba ku sani ba. Da Gwaggo ta tsufa, haƙora suka zube, ciwo ya kwantar da ita, ba abin da take iya haɗiyewa. Wata Juma'a na shiga gidanta da hantsi, sai na iske Yaya durƙushe gaban murhu. Ya haɗa salatinsa tsaf, kamar na liyafa, ya juye a 'yar tukunya, yana tuƙawa da muciya da hannunsa, har da yaji. Da ya gan ni sai ya ɗaure fuska.

"Haka take son shi. In ka faɗa wa wani, ba ni ba kai."

Ya zauna bakin tabarma yana ba ta a baki, yana hurawa. Ta ci cokali uku, ta dube shi ta ce, "Nomau, sai yanzu ka iya." Kowace Juma'a haka ya yi har ta cika.

Na riƙe masa wannan magana muddin ransa. Yau da ba shi, na ga gara ku san ta. Allah ya jiƙan Yaya Nomau, ya jiƙan Gwaggo Hure, ya yafe musu kurakuransu, ya sada mu da su cikin rahama. Amin.