Bindigar Baba Ba Ta Shiga Mota da Ciki

Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, Baba ya sayi wata tsohuwar motar kiya-kiya, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa tabarma. A ciki muke kwana idan mun je gonarmu ta Gwaram, mu dawo Birnin Kudu bayan girbi. Yana tafiya da harbi-ka-ruga saboda birai masu ɓarnar dawa.

Irin wannan bindiga ta baki ake ɗura ta, kuma idan an ɗura ba ta fitar da cikinta sai an harba. Saboda haka kafin mu tashi, sai Baba ya nemi suri ya sauke ta a ciki, ya naɗe ta da buhu, ya ɗaure ƙarƙashin kujera. Albarushi kuwa gaba yake ajiye shi, don injin motar a baya yake. Kullum Inna sai ta yi mita, wai gara ta fi kowa cin albarushinsa.

Wata rana a hanyar zuwa gona muka tsaya a Kangire, Baba ya ɗura bindiga ya bi wasu birai, sai ruwa ya doke mu. Baba ya saita suri, ya ja kunama, bindiga ta ƙi tashi. Inna ta ce, "Malam, ta jiƙe, sa ta mu tafi."

Baba ya miƙa wa Kawu, ƙanin Inna da ke tare da mu, makullin mota, ya saɓa bindigarsa, ya kama hanya a ƙasa cikin taɓo.

"Ba mutuwa ta yi ba, barci take," in ji shi. "Ba za ta farka kusa da 'ya'yana ba."