Sunan da Sanƙira Ya Kira

Mata da yawa suna son ƙamshin ganyen runhu a tafasasshen ruwa, ni kuwa faɗar mini da gaba yake yi. Shekaranjiya maƙwabciyata ta haihu, aka ɗora tukunyar wankan jego a bayan katangarmu, tururin ya tsallako ya same ni ina tankaɗe. Sai na ajiye rariyar. Na ga kaina ina ƴar shekara goma sha ɗaya a ƙauyenmu kusa da Gangara, ina tura kara ƙarƙashin irin wannan tukunyar, kunnena yana zaure inda maza biyu suke ɗaga murya. Ku yi haƙuri in ba ku labarin makon nan, na daɗe ina ɗauke da shi.

Baba lebura ne a Libiya, aikin gini yake yi. Ya zo gida da sanyi, ya koma, bai cika wata ba yaƙi ya tashi a can, mutanen ƙasar suka yi wa shugabansu tawaye, jiragen Turawa suka shigo suna taya su. Duk da haka kowace Juma'a yakan bugo a salular Baffa, wato yayansa. Inna takan ɗauki salular ta je gindin babban rumbu, don nan kaɗai rezo, wato layin waya, ke kamawa, ta juya mana baya tana magana ƙasa-ƙasa. Bugowarsa ta ƙarshe dab da azumi ce. Lokacin Inna tana da ciki, ya ce mata in ta sauka lafiya kada a yi gaggawa, shi zai aiko da sunan da bakinsa. Daga nan shiru. Aka yi azumi, aka yi salla, gero ya nuna. Mutane suna ta dawowa a bayan manyan motocin kamyo da katifu da jarkoki, duk wanda aka ji ya sauka a Gazawa sai Kaka, mahaifiyar su Baba, ta aika a tambaye shi. Kowa sai ya ce garin da yake ba ɗaya ba ne.

Ana tsakiyar ɗaurin dami Inna ta haifi namiji. Kwana biyu da haihuwar rediyo ya ce an kashe shugaban.

Ban manta yammacin da hoton ya iso gidanmu ba. Wani saurayi ne ya kawo shi a salula daga kasuwa, maza suka yi cincirindo a ƙofar gida. Na kawo ruwa, na leƙa ta tsakanin kafaɗu. Na ga tsoho, sa'an kakana, jini ya rufe masa fuska, ana jan sa ana ihu ana kabbara. Sannan aka nuna gawarsa a kwance a ƙasa, mutane sun yi layi suna ɗaukar ta hoto. Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Ni a duniyata gawa abu ce da ake rufewa, a yi magana a hankali kusa da ita. Kaka ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu, tana da adaka da ba mai taɓawa, ciki akwai sabulu da turare da farin yadi. Da na ruga na gaya mata abin da na gani, ba ta tambaye ni ko mutumin kirki ne ko mugu ba. Sai ta ce, "To, wa ya yi mishi wanka?"

Washegari Kawu, yayan Inna, ya iso daga Gidan Rumji inda yake mushen lakol, wato malamin makaranta. Barka ya zo yi, da niyyar ya zauna har suna. A kan akushin tuwon farko gardamar ta fara, ba ta kuma tsaya ba sai ranar bakwai.

Baffa ya taɓa yin shekaru a Libiya, da guminsa na can ya yi wa ɗakin Kaka rufin kwano. A wurinsa shugaban nan uban talakawa ne. Yakan ce burodi a can ko almuru ka nema ka samu, asibiti ba a tambayarka komai, rabin rufin kwanon ƙauyen nan daga ƙasar mutumin ya fito. Yakan tambaya, wa ya gayyato jiragen? Tun yaushe Turawa suka fara jin tausayin Musulmi har su ƙona man jirginsu dominsa? Ya ce rijiyoyin mai suka hango, kuma duk wanda ya yi murna da wannan kisa zai ga abin da zai biyo baya.

Kawu ba ya ɗaga murya da farko, yana da irin haƙurin masu koyar da yara. Ya ce mutum ɗaya yana kan mulki tun kafin a haifi Inna, wanda ya buɗe baki a ɗauke shi, uwarsa ta mutu ba ta san kabarinsa ba. Ya ce ba Turawa suka fara ba, ƴan ƙasar ne suka fito, shi kuma ya juya musu bindiga, to a zuba ido ya gama da su? Ya tuna wa Baffa shekarar da aka tattara baƙaƙen fata a can aka loda su a kamyo aka zubar a hamada, har da ƴan ƙauyenmu biyu. Baffa ya ce wannan aikin ƙananan ma'aikata ne. Kawu ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai burodin ka ci, ba ka taɓa gwada yin magana a can ba." Baffa ya ce masa shi kuma a rediyo ya san Libiya, ko yashinta bai taɓa takawa ba.

Dattawan unguwa suka rabu biyu, har masu ɗaurin dami a gona gardamar suke yi. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma a rana ta huɗu Baffa ya ce tunda uban yaro bai bugo ba, shi ne babba, shi zai raɗa suna, kuma sunan shugaban da aka kashe zai sa wa jaririn, don a san akwai gidan da bai manta alheri ba. Kawu ya tsame hannunsa daga akushi. Ya ce ɗan ƙanwarsa ba zai tashi da sunan mai jinin mutane a hannu ba. Ya san ba shi da ikon suna, na dangin uba ne, amma in aka yi haka, ranar da Inna ta gama arba'in zai zo da mota ya kwashe ta da mu duka zuwa Gidan Rumji.

Wannan magana ita ta hana ni cin abinci. Ni ban san shugaba ba, ban san tawaye ba. Abin da na sani shi ne in aka tafi da mu, Baba zai dawo ya tarar da ɗakinmu a rufe. Inna kuwa tana ɗaki da jariri, tsakanin yayanta da yayan mijinta, ba ta da bakin magana. Kullum bayan la'asar takan ce in aro salular Baffa in je gindin rumbu in tsaya. Nakan ɗaga ta sama har hannuna ya gaji, tattabaru suna tsintar gero a ƙafafuna. In na dawo ba ta tambayata, fuskata take duba. Ta ce mini sau ɗaya, "Zai bugo. Ya ce shi zai faɗi sunan."

Ranar suna, tun da aka fito sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. An ɗaure rago, an kawo goro da dabino. Mu mata muna ciki, gida ya cika, ƙamshin kunun kanwa da na runhu sun gauraye. Kowa ta san abin da ake jira: ko sanƙira ya kira sunan shugaban mu san Baffa ya yi nasara, ko ya kira wani mu san dattawa sun lallashe shi. Goggo, ƙanwar Baba, ta riga ta kama hancinta tana shirin guɗa. Sai jiran ya yi tsawo. Hayaniyar waje ta ɗauke gaba ɗaya, har muna jin rago yana tauna. Can muka ji an shafa fatiha, sanƙira ya leƙo ta ƙofar zaure ya ɗaga murya yadda ya saba, ya kira sunan har sau uku.

Sunan Baba ya kira.

Goggo ta fara guɗar, ta yanke ta a tsakiya. Ku da ba ku tashi a wajenmu ba, a nan ba a sa wa yaro sunan ubansa in uban yana raye. Na kaka ake sawa, ko na wani malami. Yaron da ake ba sunan ubansa shi ne wanda ya zo duniya bayan uban ya bar ta. Ko ni da nake yarinya na san haka. Na juya na dubi Inna a bakin ƙofar ɗakinta, da lalle a ƙafa, jariri a cinya. Ta ce a hankali, kamar mai gyara wa yaro karatu, "A'a, kuskure ya yi. Ku ce ya sake tambayowa."

Kaka ta miƙe ta ja mayafinta ta nufi zaure. Ban taɓa ganin ta fita cikin taron maza ba sai ran nan. Na bi ta, ba wanda ya hana ni.

A gefen tabarma akwai wani mutum ramamme, ƙafafunsa fari fat da ƙura, yana kuka yana ba da haƙuri. Ɗan wani ƙauye ne a gabashinmu, tare suke aiki da Baba. Daren jiya kamyo ya sauke shi a Gazawa, ya yi sammako ya tako don ya sauke nauyin da ya ɗauko. Da ya hango tabarmi da dattawa a ƙofar gidanmu, sai ya ɗauka labari ya riga shi zuwa, zaman makoki ake yi. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Baffa, ya yi masa gaisuwar rashi, ya ce Allah ya jiƙan shi, mutumin kirki ne, a hannuna ya cika. Da liman ya gama jin bayani, ya ce to suna ya zaɓi kansa. Sanƙira yana can baya yana rabon goro, bai ji komai ba, suna kawai aka miƙa masa, shi kuma ya yi aikinsa kafin wani ya tuna ba a shiga an gaya wa mata ba.

Na tarar Baffa da Kawu sun sa mutumin a tsakiya, kusan tare suke tambayarsa su wa suka yi. Na ga yadda kowannensu yake jiran amsar, kuma har yau wannan kallon nasu yana ba ni tsoro fiye da hoton salula. Mutumin ya ce cikin azumi ne. Sun ɓuya su biyar a ginin da suke aiki, don a kwanakin nan baƙar fata in ya fito, waɗannan su ce sojan haya ne, waɗancan su ce ɗan leƙen asiri ne. Ana ta harbi ta ko'ina, sama da ƙasa, sai wani abu ya faɗo kan ginin. Ya ce, "Wallahi ban san na wane ne ba. Ba mu ga kowa ba, ƙara kawai muka ji."

Ba wanda ya samu abin da yake jira. Kaka ta matsa ta tsuguna gaban mutumin, ta yi masa tambayar da ta yi mini kwana biyar da suka wuce. Ya sunkuyar da kai ya ce ba ruwa, Iya, ko na sha ba mu da shi. Taimama suka yi masa, suka naɗe shi a bargonsa, su uku suka yi masa salla, suka rufe shi a bayan katangar da shi da kansa ya ɗora bulonta, fuskarsa tana duban alƙibla. Kaka ta ce Alhamdu lillahi. Ta sake faɗa. Sannan Baffa ya kama hannunta ɗaya, Kawu ya kama ɗayan, suka shigar da ita.

An yanka ragon, don sunna ce. Tabarmin da aka shimfiɗa don suna ba a naɗe su ba sai bayan kwana uku. Liman ya ce takabar Inna ta ƙare tun ranar da ta haihu, ta fita ba ta san ta shiga ba. Duk da haka ta wanke lallen da toka har fatar ta yi ja, ta ajiye ƴan kunnenta. Ba mu tafi Gidan Rumji ba. Ƙanena kuma ya tashi da sunan da ba mai iya kiransa a gidan: Inna ba ta faɗin sunan miji, Kaka tana jin nauyi, ni ba na faɗin sunan ubana. Mai Suna muke ce masa.

Kada ku ɗauka gardamar ta mutu ran nan. Baffa ya rasu yana kan bakansa, duk wani tashin hankali da ya biyo baya a ƙasashen nan sai ya ce ai ya faɗa. Kawu ya tsufa, har yanzu yana cewa azzalumi ba ya sauka da lallashi, sai dai ya daina faɗa in Inna tana kusa. Ina kwaleji mushen tarihi ya taɓa jefa mana tambayar a aji, ko yaƙin ya halatta. Ƴan aji suka yi ta ɗaga hannu. Ina da abin faɗa ta kowane ɓangare, na haddace su tun a zaure, amma na kasa. Na yarda akwai uwaye a can da suka yi sujadar godiya ranar da mutumin ya faɗi, ba na kuma ganin laifinsu. Abin da ya tsaya mini shi ne, cikin duk masu cewa ya halatta da masu cewa bai halatta ba, ban ji wanda ya lissafa da leburan da ke ɓoye a ƙarƙashin ginin ba.

Yanzu labari ba ya tafiya da ƙafa. Mutum ya rasu a wata ƙasa, kafin a rufe shi hotonsa ya shigo salular matarsa, ban kuma san ko hakan ya fi sauƙi ba. Mai Suna ya yi tsawo, kafaɗunsa na Baba ne sak, ya fara cewa in ya ƙara shekara biyu zai haura arewa, ƙetaren hamada, neman aiki. In ya faɗa, Inna sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Da na yi haihuwar fari, ana gobe suna, na roƙi maigidana abu ɗaya da ya ba shi mamaki. Na ce ya shigo da kansa ya raɗa mini sunan a kunne tun kafin a shimfiɗa tabarma. Ya ce ai ba a saba ba, daɗin abin a ji daga bakin sanƙira. Na ce na sani. Ya dube ni, ya sunkuyo ya faɗa mini.