Hoton da aka ce ba ni da izinin gani

Ɗana na uku ya rasu da damina, matarsa tana da ciki. Aikin buga takardu yake yi a Azare, a shagon wani ɗan kudu mai kwamfutoci uku da aka haɗa da waya. Hotunansa na gida gara ta cinye su a Katagum. Saura ɗaya, wanda ya taɓa ce mini ya sa a cikin na'urarsa.

Da jikata, wadda aka haifa bayan rasuwarsa, ta fara tambayar kamannin ubanta, na ɗaura ta a baya na hau mota.

Mai shagon ya yi tafiya garinsu, sai yarinyar da ke masa aiki. Ta zaunar da ni gaban na'urar da masu zuwa ke amfani da ita, ta ce daga nan ana hango ajiyar kowa. Na faɗa mata sunan ɗana, ta nuna mini wani ɗan akwati ruwan ɗorawa a fuskar na'urar.

"Hajiya, wannan nasa ne. Ga sunan hoton ma a ciki."

"To buɗe."

Ta danna, wani rubutu ya fito. Ta sake, ya sake fitowa.

"Me yake cewa?"

"Wai baƙo ba shi da izini. Sai mai shi, da lambarsa ta sirri."

"Mai shi yana kabari, 'yar nan. Ni na haife shi. Gaya wa na'urar."

"Ba ta ji, Hajiya."

Ni ban yi boko ba, amma na san ɗakin ajiya. Ko a gidan marowaci, in mutum ya mutu ana ɓalle kwaɗo a ba magada kayansu. Na ce a kawo guduma. Ta yi dariya, ta dubi fuskata, ta haɗiye sauran.

Ta ce mai shagon ne kaɗai ke da babban mabuɗi. Na koma bayan girbi, na same shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, Hausarsa tsaf, har ya aika a sayo mini lemo. Sannan ya ce na'urar ta cika, ya kira mai gyara daga Kano, an share sunayen waɗanda suka bar aiki da duk abin da ke ƙarƙashinsu.

"Mama, wallahi ban san akwai hoto ba."

Bar aiki. Haka suka kira abin.

Ban sha lemon ba. Yanzu da baki nake kwatanta wa jikata ubanta: dogo, baƙi, mai wushirya. Kwanan baya ta tambaye ni a wane kunci tabonsa yake. Na ce na dama, don kada ta ga na yi shiru. Ban tabbata ba.