Dutsen Bakin Ƙofa

Har yau idan na tuna abin da malamar jikata Hafsatu ta yi mana, sai in ji zuciyata na tafarfasa. Amma bari in faro daga tushe.

Kakata Tabawa ta daɗe tana wankin zannuwan gado a asibitin mishan, a hannun wata Sista 'yar ƙasar Ailan. Suna shanya, Sistar na ba ta labarin garinsu da gurguwar Hausarta. Mu kuwa bayan magariba, an sauke tuwo, sai mu kewaye murhu. Kaka ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ga ta nan, yau daga bakin teku ta taso. Mai gyangyaɗi ya tashi tun yanzu."

Wai garin masunta ne. Sai baƙi suka zo cikin jiragen ruwa da takubba, suka ce za su kafa gidan sarauta a kan wani falalen dutse da ya kutsa cikin teku, su kewaye garin da ganuwa. Wa zai ɗauko duwatsun? 'Yan gari mana. Ranar da aka gama sai aka rataye ƙararrawa. Da rana a shigo da kifi, rana na faɗuwa a kaɗa ta, duk ɗan asalin garin ya fice, a ja ƙofa.

Nan Kaka take buga cinya. "Kun ji rashin ta ido? Kai ka gina, kai za ka kwana a waje!"

To akwai wata mai tallar kifi, kullum ita ce ta ƙarshen fita, tana jan ƙafa da gangan. In ta iso ƙofa sai ta dafa wani dutse, ta dubi mai gadi ta ce, "Wannan ni na ɗauko shi." Ta mutu 'yarta ta ɗora, jikarta ta ɗora, har tafin hannu ya yi gurbi a jikin dutsen. Masu takubban suka ƙare, ƙyauren ya ruɓe, gurbin yana nan.

Shekaru suka kawo ni birnin Greensboro, can ƙasar waje, wurin ɗana Sani. Wata rana aka ce wa 'yan ajin su Hafsatu, jikata, kowa ya kawo labarin da ya gada a gidansu, za a karanta a gaban iyaye. Na ba ta wannan. Sai ga yarinya ta dawo ido jawur.

"Hajiya, ta ce ba namu ba ne, wai a kwamfuta na kwafo. In kawo na Afirka mai dabbobi, ko ta cire sunana."

Uban ya ce, "Mama, ki ba ta na Gizo kawai a wuce wurin."

"Kai Sani! Da digirinka har biyu, a kira 'yarka ɓarauniya ka ce a wuce wurin? Ɗauko makullin mota."

Ban san ko bihim a boko ba, amma na tsaya a ajin nan na zuba shi tiryan-tiryan, Hafsatu na juyawa da Turanci. Har cinyar na buga. Da na gama, malamar ta ce to amma tsakani da Allah labarin na wane ne?

Na ɗora tafina a kan takardar jikata. "Ki gaya mata ni na ɗauko shi. Shekara sittin yana kaina, har na tsallako teku da shi."

Ba a cire sunan ba.

Muna yara na ɗauka Kaka tana jin haushi ne saboda wasu mutane can nesa. Ashe matar da ta wanke zannuwan asibiti kaf, ba ta taɓa kwanciya a kan ko ɗaya ba, ta san abin da take nuna mana. Ranar karatun, da Hafsatu ta iso wurin ƙararrawa, ba wanda ya koya mata, sai ji na yi ta buga cinya.