Jakar Wayoyin Baba Koci

Ranar Laraba, huɗu ga watan Satumba, da hantsi, Baba Koci ya yanke jiki ya faɗi a filin da ya tsufa yana horar da mu, da gwangwanin farar ƙasa a hannunsa, yana ja wa yara layin gudu. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Da hannuna na rubuta wannan, na sake karantawa, amma wallahi zuciyata ta ƙi yarda. Ba jinya, ba kwanciya, ko ciwon kai bai ce yana yi ba.

Baba, ni ce mataimakiyarka, wadda ka laƙaba wa Uwar Tsiwa. Ka tafi ina wata ƙasa da 'yan matanka huɗu masu gudun miƙa sanda, a babbar gasar wasanni ta ƙasashen duniya, karo na farko da tutarmu ta shiga wannan tsere. Kai ya kamata ka kai su. Da aka ce gurbin masu rakiya bai isa ba, sai ka ba mai tausa kujerarka, ka ce ƙafafun yara sun fi bukatar hannunsa a kan bakinka. Ranar na yi maka rashin kunya a gaban kowa, na ce wannan ba kirki ba ne, cutar kai ce. Dariya kawai ka yi, ka rataya min jakar nan a kafaɗa.

Duk wanda ya taɓa gudu a hannunka ya san jakar: tsohuwa, ruwan ƙasa, zif ɗinta sai an lallaɓa. Dokarka ita ce daga ranar da aka shiga sansani har a gama tsere na ƙarshe, wayar kowane ɗan wasa tana ciki. Labarin gida, mai daɗi ko marar daɗi, ya jira. Ka kafa ta ne tun shekarar da aka kira wani yaronka ana gab da tashi, aka ce kakarsa ba lafiya. Yaro ya zubar da sanda a tsakiyar fili, kaka kuwa ta warke har ta yi rawa a bikinsa. Mun sha yi maka tsiya a kan jakar nan, ni ce kan gaba.

Kai ne mai zama bakin fili da allura da zare kana ɗinke mana takalman gudu, kana mita wai ƙafafunmu kamar na raƙuma. Ranar da jijiyata ta tsinke, gudu ya ƙare min, kai ka goya ni har bakin titi, da furfurarka. Na yi wata ina kuka a ɗaki, ka zo ka ajiye min usur a kan tabarma, ka ce fili na jirana gobe. Da ba don kai ba, ban san inda zan kasance yau ba.

Muna filin ɗumama jiki, saura kaɗan a kira zagayen neman shiga na ƙarshe, wayata ta yi ƙara. Mama ce, matarka. Na ɗauka ina murmushi, don na zaci kai ne ka ari wayarta za ka fara faɗan da ka saba. Da ta faɗa min, ce mata na yi, "Wane Baban?" Sai da ta maimaita. Na zauna a kan ciyawa. Can gabana ga Auta, 'yarka, wadda za ta karɓi sanda ta ƙarshe, tana tsalle-tsalle tana tsokanar 'yan uwanta.

Mama ta ce, "Kada ki faɗa mata. Ko yanzu ta taso ba za ta riski jana'iza ba. Dokarsa ce, ku bi masa ita."

Baba, ni da magana ba ta kwana a cikina, ni aka ba wannan riƙo. Ga shi ba a kashe wayar Auta da kyau ba, sai jakar ta fara zillo a kafaɗata, saƙon gaisuwa na shiga ɗaya bayan ɗaya. Ta matso ta ce, "Anti, jakarki sai kuka take yi." Na daka mata tsawa na ce ta je ta ɗaure takalminta. Ta tafi tana dariya, tana cewa na fara halin Baba. A wannan lokacin ake yi maka wanka.

Sun yi gudun da ban taɓa ganin sun yi ba. Auta ta miƙa hannu baya ba ta waiwaya ba, yadda ka koya mata, sanda ta zauna a tafinta daram. Suka zo na uku, suka samu shiga zagayen ƙarshe na washegari. Mai tausa yana ihu yana rungumar mutanen da bai sani ba, ni kuwa ko tafi na kasa.

Ta zo tana haki, da sandar a hannu, ta ce, "Anti, kira mana Baba."

Na ja ta bayan rumfa, na faɗa mata. Ban iya lallashi ba, yadda aka faɗa min haka na faɗa. Ta dube ni kamar da wani yare na yi magana. Ta ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun kafin ku fita. Sai na karya dokarka, Baba: na zuge jakar, na ciro wayarta na sa mata a hannu, na ce ta kira Mama, ga jirgi in tana son tafiya, ba mai ganin laifinta.

Ta daɗe tana kallon saƙonnin da suka cika fuskar wayar, hawaye na ɗiga a kai. Sannan ta danne ta har ta mutu, ta mayar cikin jakar, ta ja zif ɗin a hankali yadda kake ja. Ta ce, "Gasa ba ta ƙare ba."

Washegari suka zo na shida. Ba mu dawo maka da lambar yabo ba, amma sanda ba ta faɗi ba. Sai da ta tsallake layi ta durƙusa ta yi kukanta, sannan ta nemi wayarta.

Jiya na kai wa Mama jakar. Ta ƙi karɓa, ta ce ai a kafaɗata ka rataya ta.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka gafarta masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa wahalar da ya sha a kan 'ya'yan mutane ta zame masa haske. Mama, Auta da yayyenta, ina yi muku ta'aziyya, ni ma a yi min. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.