Buhun Yunifom Da Ban Tambayi Asalinsa Ba

A wancan lokacin ni tela ce a Fagge, ina ɗinka kayan makaranta, da su nake ciyar da 'ya'yana huɗu. Ana gab da komawa makaranta yadi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Dillalai suka ce haraji ne ya hau kansu, har kayan yara bai bari ba. Iyaye su zo su shafa riga, su ji kuɗi, su ajiye su fita.

Wata rana da azahar wani mutum ya tare ni a kasuwar Sabon Gari, ya ce yana da buhun yunifom ɗinkakku a rabin kuɗi, ba rasit ba haraji, amma kada in tambayi inda ya samo. Ban tambaya ba. Da na kwance buhun a shago sai na ga rigunan 'yan mata, sanyi ƙalau duk da zafin da ake yi, suna warin ruwan kogi. A wuyan kowace an ɗinka suna da zare. Na tsinke sunayen, na wanke, na goge, na rataye su a matsayin sababbi. Kullum in na buɗe shago sai in tarar da ƙasansu a jiƙe, alhali ba a yi ruwa ba.

Na sayar da goma sha ɗaya. Sai wata mata daga Rijiyar Lemo ta dawo, ta ce tun da 'yarta ta sa rigar ta daina amsa sunanta, kuma ko randar ruwa ta gani sai ta hau rawar jiki. Washegari wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar shagona, ban san wa ya nuna mata ba. Ta ɗaga wata riga, ta nuna min wani faci, ta ce ita ta yi wa jikarta shi. Ta ce kwalekwale ne ya kife da jikar da sauran 'yan makarantarsu a hanyar makaranta, kayan da aka cire musu kafin a yi musu sutura kuma suka ɓace. Ba ta zage ni ba, roƙona kawai ta yi in bar mata rigar.

Na bi gida gida ina karɓo rigunan da na sayar ina neman gafara. Goma na samu. Ta sha ɗayan har yau ban san 'yar wa ke sa ta ba.

'Yan uwana masu sana'a, na san tsada ta matse mu duka. Amma duk kayan da aka hana ki tambayar asalinsu, ki bar su a hannun mai su, balle abin da za a sa wa 'yar wani.